Kin Yi Dariya Kafin In Fassara

Bololo, Njamena
Lahadi, 28 ga Oktoba, 2001

Zuwa ga Hamdiyya 'yar Malam Haladu, sanyin idona, inuwata a zafin Afrilu, ruwan randata bayan doguwar tafiya.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina gaishe ki irin gaisuwar da kogin Shari yake yi wa gaɓarsa a wannan wata, ya cika ya tumbatsa, yana taɓa ko'ina a hankali ba tare da hayaniya ba. Ya ke ƙanshin ƙasa bayan yayyafin farko, ya ke iskar da takan taso daga bakin ruwa idan la'asar ta yi sanyi! Na so in kira ki wata, yadda masu rubuta irin wannan takarda suke yi, sai na tuna hasken wata na aro ne daga rana, ke kuwa ban taɓa ganin kin ari komai ba in ban da almakashin kakarki Hajjo. Na so in ce tauraruwa, sai na tuna tauraro yana da nisan da haskensa kan shekara yana tafe kafin ya iso, ni kuwa nisa ne abin da nake gudu yau. Don haka na bar sama na dawo ƙasa, na kira ki da sunanki. Hamdiyya. Ban sami abin gyarawa a cikinsa ba.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki biro, don kada ki yi ta juya shafi kina neman kan zance. Shekaranjiya, bayan an sauko daga masallacin Juma'a, yayanki Lawal ya tsayar da ni a ƙofar shagonsa na hayar kaset, ya gaya mini Baba ya yanke shawara. Bayan ƙaramar salla zai ɗauki hanyar gabas, shi da Inna da ke, ta Abeshe da Adre har bakin Bahar Maliya, ya sauke farali, ya zauna a Madina ba da niyyar dawowa ba. Kakarki Hajjo ta ce ita ba inda za ta, Lawal zai zauna da ita. Ke kuma Baba ya ce 'yar da ba ta yi aure ba tana tare da iyayenta, sai fa idan akwai wanda ranki ya kwanta da shi, kuma manyansa suka zo kafin a ga watan azumi. Abin da ba a yanke kafin nan ba, an bar shi. Na sa Lawal ya maimaita mini don kada in ƙara ko in rage. Roƙona ɗaya ne: ki ba ni izini in tura kawuna, Kawu Dawuda, wurin Baba. Sauran abin da ke cikin takardar nan dalilai ne, da kuma zuciyar da ta rasa inda za ta zauna.

Yanzu haka la'asar ta yi. A daidai wannan lokaci ya kamata a ce ina unguwarku Ambassatna, a ɗakin Hajjo, an saki labule, ɗan gurup ɗin Lawal mai ba da wutar lantarki yana gurnani a tsakar gida. Na aika a ce ba zan samu zuwa ba, ban kuma ce ba ni da lafiya ba, domin lafiyata ƙalau. Muryata ce na san ba za ta tsaya ba.

Kin tuna yadda na fara shigowa gidanku? Lawal ne yake kawo kaset gida kowace Lahadi, finafinan kuwa duk da Faransanci suke, shi yake fassara wa Hajjo da Inna da matan maƙwabta. Amma wace irin fassara! Bature zai yi magana har ya gaji, Lawal ya ce, "Zaginsa yake yi." Wata rana Hajjo ta tambaye shi ina ya kai sauran maganar, ko ya ɓoye ta ne zai sayar a shago. Shi ya sa ya je ya ɗauko ni, ina shekarar ƙarshe a jami'a, aka ajiye mini kujera 'yar tsugunno a gefen tele. Ni kuma ban iya tsallake kalma ba. Idan wata ta kuɓuce mini sai in ce Lawal ya mayar baya, mata su yi ta tsaki, fim ɗin da ya kamata ya ƙare da sauran rana ya kai mu har kiran magariba. Hajjo ta raɗa mini suna, mijinta mai auna magana da mudu. Ke kina zaune a tabarmar bakin ƙofa, inda ɗan haske yake shigowa, da ɗinkin hannu a cinyarki. Tun daga ranar farko na lura allurarki takan tsaya idan na fara magana. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina mai yiwuwa hasken ne bai ishe ki ba.

A kan finafinan ban tsoro muka fara saɓani, kuma ki yi haƙuri, har yau ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Ni a ganina raina hankalin mai kallo suke yi. Gida ne fitila tana mutuwa da kanta, ana jin murya a ƙarƙashin daɓe, amma mace ta ɗauki kyandir ta sauka ita kaɗai ta duba. Wa ke yin haka? A Ambassatna ko ɓera ne ya yi motsi a ɗakin ajiya, kafin a farga maƙwabta sun cika gidan da taɓare. Ranar nan na sa aka tsayar da kaset don in bayyana cewa jinin da ke zuba rini ne aka dama da ruwan sukari, sai Hajjo ta ce in rufa mata baki, in bar su su ji tsoronsu cikin kwanciyar hankali. Ita nata ra'ayin shi ne aljanun Turawa ba su da tarbiyya, mutanen gidan kuma su suka ja wa kansu, tunda a cikinsu babu ko ɗaya da ya iya Ayatul Kursiyyu.

Ke naki kin faɗe shi ne a bakin zaure, kina miƙo mini kofin karkanji, zoɓon nan namu, idonki a kan kofin. Kika ce kina son su ne saboda a cikinsu babu mai iya riya. Idan ƙofa ta fara girgiza, nan ake ganin hannun da kowa yake kamawa da sunan da yake fara kira. Na tafi gida ina gardama da wannan magana mako guda, ina neman inda zan karya ta. Sai ga Lahadin da ta biyo baya, wani hannu ya faso bango a cikin fim ba zato, ni mai bayanin rini da sukari na zabura har kujera ta kife. Kowa ya ga faɗuwar, an yi mini dariyar da ta dace da ni. Abin da ban sani ba ko kin gani shi ne inda idona ya nufa kafin in kai ƙasa. Bai nufi ƙofar fita ba, bai nufi Lawal ba. Bisa ma'aunin da kika kafa da bakinki, hujja ta kama ni tun ranar.

Yanzu kuwa na san abin da ake kira tsoro, kuma masu fim ba su kusance shi ba. Ba ya zuwa cikin duhu, ba ya buƙatar kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Da rana tsaka yake zuwa mini, ina gaban allo ina koyarwa, in ga babbar mota a tashar Abeshe an ɗaure kaya an ja igiya, da gefen lafayarki a cikin mata, direba yana ɗumama inji. Wane aljani ne ya kai wannan? A wane wuri zan ce a tsayar, in bayyana wa kaina cewa rini ne?

Finafinan ban dariya su ne suka fi wahalar da ni. Ban taɓa gane abin daɗi a mutum ya zame ya faɗa cikin bokiti ba, nakan tsaya ina tunanin ƙashin bayansa. Waɗanda dariyarsu ke cikin magana kuma a bakina suke mutuwa. Kin san yadda nake yi: in ce a nan akwai abin dariya, dalilinsa kuwa shi ne kaza da kaza. Kamar mutumin da ya tsamo kifi daga Shari ya ɗora a faranti don ya nuna wa jama'a yadda yake iyo. Matan sukan yi dariya, amma na daɗe da sanin fuskata suke yi wa.

To, akwai ranar da aka sa na kukun nan da ya shiga asibiti ya sa farar riga aka ɗauke shi likita. Ya faɗi wata magana ga majiyyaci, ina jan numfashi in fara fassara, ɗakin shiru kowa yana jirana, sai na ji wani ɗan sauti daga bakin ƙofa. Na waiga. Kin danne bakinki da gefen lafaya, kafaɗunki suna rawa. Kin yi dariya kafin in fassara, Hamdiyya. Da na gama dogon bayanina kuma kika sake yin wata, a fili, tare da kowa. Ban yarda da gani ɗaya ba, na sa ido a makonnin da suka biyo, abin bai sauya ba. Daga baya na tambayi Lawal a fakaice, ya dube ni kamar wanda ya tambayi ko akwai ruwa a kogi. Ya ce ai kin yi makarantar Faransanci har tsakiyar kwaleji kafin ki koma ɗinki, littattafan yankan kaya ma da kanki kike karanta su, kuma Faransancinki ya fi nasa fita.

Ashe ba ki taɓa buƙatata ba! Duk Lahadin nan da kike ajiye allura, duk lokutan da kika ɗago kika ce, "Malam, me ya ce?", kin riga kin ji abin da ya ce. To me kike saurare? Na san halina, na nemi wasu dalilan kafin in yarda da wanda nake so. Mai yiwuwa tausayi ne, kada baƙo ya ji kunya. Mai yiwuwa kara kike yi wa Hajjo. Mai yiwuwa ni ne fim ɗin ban dariyar da kika fi so, kuma ko wannan ne ban ƙi ba. Amma an ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa na daɗe ina karatun taki fiye da yadda na karanta kowane littafi a jami'a. Tun daga nan na sassauta wa finafinan ban dariya. Na gane dariya ce kaɗai abin da ke cikin akwatin nan da ba ya jiran tafinta. Dariyarki ta farko ta mai fim ce, ya gina ta, haƙƙinsa ne. Ta biyun tawa ce. Ban taɓa mallakar abin da ya kai ta ba, kuma tana yi mini kamar kukan tsuntsayen bakin kogi da asuba, waɗanda ba sa tambayar ko akwai mai ji.

Saura waɗanda nake so ni, na jiragen sama da duniyoyin nesa, waɗanda Hajjo take kira fim ɗin mutanen sama, ni kuma nake ce musu tatsuniyar kimiyya. Ina son su ne domin su kaɗai suke tambayar abin da zai faru gobe, sauran duk jiya da yau suke tonawa. Sai dai ko su ba su tsira daga bakina ba. Idan jirgi ya fashe a sararin samaniya aka ji ƙara, sai na tsayar na ce babu iska a can, inda babu iska kuwa sauti ba ya tafiya. Kika ce ni mutum ne mai son a yi masa ƙarya amma a auna ta daidai. Ke ba su burge ki ba ko kaɗan. Kin ce duniyarsu sanyi gare ta, kowa da kaya iri ɗaya, ba a ɗora tukunya, ba a leƙa maƙwabci a yi masa sannu, kuma kina son ki ga telan da yake ɗinka musu riguna babu aljihu ko ɗaya. Na je na sake dubawa, gaskiyarki ce, babu aljihu.

Kin fi ni sanin labarin gidanku, amma bari in faɗe shi yadda na ji daga bakin Hajjo, don ki ga abin da ya tsaya mini a rai. Kakanki Malam Waliyyullahi ya baro Kazaure da ita tana amarya, da jaki ɗaya, sun nufi Makka a ƙasa. Suka sauka a nan lokacin ana ce wa garin Forlami, da niyyar su huta damina ɗaya su ƙara guzuri. Damina ta bi damina, aka haifi Baba, Malam ya rasu da niyyarsa a baki. Shi ya sa har yau ba a sa siminti a gidanku, ana ta yaɓe duk bayan ruwa alhali maƙwabta sun daɗe da komawa bulo, kuma ba a shuka itace a tsakar gida, domin matafiyi ba ya kafa abin da zai riƙe masa ƙafa. Da na fara ji na ɗauka al'ada ce kawai da ta rage, irin wadda ake bi an manta dalilinta. Ban san Baba bai manta ba.

Sai ga fim ɗin farkon watan nan. Jirgi ne mai girman Ambassatna da Bololo a haɗe, ya kwashi jama'a ya nufi wata duniya mai nisa. Waɗanda suka taso sun tsufa sun mutu a hanya, 'ya'yansu a ciki aka haife su, a ciki suke noma, a ciki suke binne matattunsu, ba su ga inda aka baro ba, ba su ga inda aka nufa ba. Baba, wanda yake kiran tele akwatin ɓata lokaci, ya zo wucewa da buta a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, a bayanki. Bai zauna ba, bai kuma tafi ba. Na ci gaba da fassara. Jirgin ya fara hango wani haske a gaba, kowa ya yi tsit, sai hoton ya yi tsalle, ga wasu 'yan ƙwallo suna gudu a fili. Mutumin Kusuri, can ƙetaren kogi, da yake kwafo wa Lawal finafinai wuta ta ɗauke masa kafin ƙarshe, tsohon wasan da ke kan kaset ɗin ya fito. Mata suka hau Lawal da faɗa. Baba kuwa ni ya duba.

"Sun isa?" in ji shi.

Na ce ban sani ba, Baba, kaset ya yanke. Abin da aka faɗa a farko dai shi ne waɗanda suka taso sun san ba za su isa da kansu ba, sun dogara ne ga 'ya'ya da jikoki. Ya dubi butar da ke hannunsa. Can ya ce, "To, ai 'ya'yan ma sun yi furfura." Ya wuce alwalarsa.

Ban ce fim ne ya tayar da shi ba. Ba ni da hujjar haka, kuma niyyar da ta girme ni ba kaset ne zai haife ta ba. Amma na juya abin a raina ya fi a ƙirga. Da na ce masa sun isa lafiya, ko da ya yi murmushi ya bar zancen wata shekarar? Ba zan iya ba, Hamdiyya. Ba zan gaya wa mahaifinki abin da ban gani ba, a cikin gidansa, ina kuma fatan wata rana ya ba ni amanar 'yarsa. Na bi shagunan kaset na Bololo da na bakin kasuwa ina neman wanda yake da ƙarshen fim ɗin, har Kusuri na ƙetara. Duk inda na samu, daga kwafin mutumin nan aka kwafa, a wuri ɗaya 'yan ƙwallon suke fitowa. A duk garin nan babu wanda ya san ko sun isa.

Yanzu bari in gaya miki abin da ke hannuna, ba ƙari. Na karɓi lisans ɗina, wato digirin farko, a fannin kimiyya na fizik bana. Na kai takarduna neman aikin koyarwa na gwamnati, ba a amsa ba tukuna, ban kuma san ranar da za a amsa ba. A yanzu ina koyarwa na wucin gadi a wata lise, wato sakandare, mai zaman kanta. Ina da ɗaki a gidan mahaifina a nan Bololo. Yana da fili a Lamaji da ya ce nawa ne ranar da na yi iyali, amma kada in ruɗe ki: nesa ne, ruwa sai an ɗebo, babu komai a kai sai ƙaya da geron maƙwabta da ya tsallako iyaka. Ni kaina kin san ni. Mutum ne da yake komawa ya taɓa kwaɗo bayan ya kulle ƙofa, wanda yake ɓata wa mutane labari da gyara, wanda bai taɓa ba wani dariya da gangan ba. Abin da ake da shi ke nan.

A ɗaya gefen kuma ga Makka, ga Madina. Allah ya tsare ni da in ɗora kaina a sikeli ɗaya da garin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Na san ba biyayya kaɗai za ta kai ki ba, kina so. Na ga yadda fuskarki take sauyawa idan Hajjo ta fara lissafa zangon da ya rage musu a hanya, kamar yarinyar da ake ba labarin gidansu. Wane ne ni da zan ce ki juya wa wannan baya? Ba haka nake cewa ba. Cewa nake a jinkirta, mu je tare. Ba zan sa miki shekara ba, domin ranar da ban mallaka ba ba zan yi alkawari da ita ba, na kuwa san abin da "damina ɗaya" ta zama a gidanku, na san kina da ikon ki ji tsoron jinkiri fiye da kowa. Abin da zan iya ɗauka shi ne wannan, Allah shaida: ba zan bar niyyar ta zama labarin da ake ba jikoki ba, kuma kafin in sayi abin hawa ko in ɗora bene, wannan tafiya ce a gaba. Idan muka isa, zama ko dawowa, bakinki ne zai faɗa.

Akwai wani abu da na gani wanda ban tabbata kin san na gani ba. A bayan randar tsakar gida akwai ɗan lemun tsami a cikin babban gwangwanin madara. Inna ta ce ke kika shuka ƙwayar, kika sa a gwangwani don kada ki karya dokar gida, tunda abin da ake iya ɗauka ba a kafa shi ba. Ranar da na sunkuya ɗiban ruwa na duba ƙasansa. Saiwa ta fara fitowa ta ramukan da kika huda. Ba waƙa nake miki ba, ilimin tsirrai ne: itace ba ya daɗewa a gwangwani, kuma wannan ba zai jure rana da girgizar mota har Abeshe ba, balle gaba. Ya ke mai hannun da abu ke tsira a cikinsa ko an hana, ya ke da kika samo hanyar yin biyayya ba tare da kin kashe abin da ranki ke so ba, shin ban karanta ki daidai ba? Ashe ba akwai wani sashe na zuciyarki da yake son ƙasar da zai kama ba? A Lamaji babu komai, amma akwai ƙasa. Ruwan kuma ni zan ɗebo.

In kuwa na karanta ba daidai ba, ki gaya mini, kada ki tausaya. Ba zan ce zan mutu ba, na ga mutane sun rayu bayan irin wannan, ko da yake ban tambaye su yadda suka yi ba. Zan zo tasha in kama wa Baba kaya, in yi muku addu'ar sauka lafiya da zuciya ɗaya, ba kuwa za ki ji sunanki a bakin kowa ta dalilina ba.

Abu ɗaya nake roƙo game da amsar. Kada ki ba ni ita da alama. Kada ki aiko da ƙyalle ko turare ko wata magana mai harshen damo, domin kin san wanda kike yi da shi: zan zauna in fitar mata da ma'ana bakwai, in kasa zaɓar ɗaya har a ga wata. Ki gaya wa Hajjo da bakinki, i ko a'a, ita ta aiko Lawal. Da saninta na rubuta takardar nan, ta hannunta kuma za ta iso gare ki a rufe. Da na je neman izininta ta ce ita dai an yi mata ƙwace, amma ta yafe.

Jiya na je wurin Kawu Dawuda na ce masa ya zauna da shiri, mai yiwuwa in nemi ya taka mini zuwa wani gida kafin azumi. Ya yi murna, ya sa a wanke masa babbar riga, sannan ya tambaye ni gidan wa. Na ce ba zan iya faɗa ba tukuna. Ya tambayi unguwar, na ce ita ma haka. Ya ce shi tunda yake bai taɓa jin an aiki mutum neman aure ba a gaya masa inda zai dosa ba, ko so nake ya bi gari yana ƙwanƙwasa ƙofofi? Na bar shi yana faɗa. Sunanki ba nawa ba ne da zan furta shi a gaban manya, sai ranar da kika ba ni shi.

Rigar tana rataye, Kawu yana jira, ni ma haka. Ko kin ce a zo, ko kin ce a bari, ko ruwan Shari kike sha ko na Zamzam, ba za ki taɓa samun labarin cewa na sauya ba.

Naki, da duk abin da na sani da wanda ban sani ba tukuna,
Abdulbaƙi Hamisu